Ƙiyasi ya biyo mu har Ingila

Mun sauka Ingila muna murnar mun rabu da takardar kuɗin wuta ta ƙiyasi, wadda ake kawo mana a gida ko da wata ya ƙare a duhu. Ashe tana nan, kwat kawai ta sa.

Ranar da muka karɓi makulli, mun zama kwastomomin kamfanin da tsohon ɗan haya ya bari, babu sa hannu. Wanda bai ɗauki hoton mita a ranar ba, wutar da wani ya sha tana iya hawa kansa. Sai a nemi izinin cirar kuɗi daga asusunmu duk wata, su ne kuma masu yanke adadin, bisa hasashen shekara. Da bazara rarar tana taruwa a hannunsu. Ka ce sai takarda ta zo za ka biya? To farashinka ya fi tsada, kuma hukumar Ofgem ta yarda da hakan.

Ga kuma kuɗin da ake cira kullum, sama da fam 150 a shekara, ko ka kashe komai ka tafi ganin gida. Mai mitar kati ya dawo ya sa kuɗi, bashin kwanakin za ta fara haɗiyewa.

Manhaja muke rubutawa, don haka kada a ce mana lissafin ne da wuya. Mitar zamani tana iya aika karatunta duk rabin awa. Kamfanin da ya san lokacin da muka ɗora butar shayi, me ya hana shi cirar daidai abin da muka sha?