Makullin Rumfar Da Ba A Gani

A cikin damunar da ta wuce wani ɗan'uwana, ɗan ƙanen mahaifina, wanda sana'arsa ita ce sayen albasa da wake a fadamun Isa yana lodinsu zuwa Kudu, ya iske ni a Sakkwato da wayarsa a hannu, ransa a ɓace, ya ce, "Yaya, diba abin da yaran ga sunka yi min." Abin da suka yi masa kuwa shi ne, shekara guda kafin wannan rana wani kamfani na samari masu ƙera shafukan intanet ya karɓi kuɗinsa, kuɗin da ba ƙanana ba ne ga mai irin jarinsa, ya gina masa shafi mai ɗauke da hoton buhunan albasa da sunan kasuwancinsa da manyan haruffa, shi kuma don murna ya sa aka rubuta adireshin a ƙofar shagonsa, da shekara ta zagayo sai shafin ya ɓace kamar an wanke allo, ya kira su suka ce sai ya sake biya, ya ce to su ba shi makullin ya kai wa wani, suka ce ai da sunansu aka yi rajista tun farko.

Na saurare shi har ya gama, sa'an nan na gaya masa abin da bai so ji ba, wato cewa laifin yaran nan, ko da yake akwai shi, bai kai girman ruɗin da shi kansa ya shiga ba, domin ya ɗauka saye ya yi alhali kuwa haya ya kama. Wannan ruɗi ba nasa ne shi kaɗai ba, shi ya sa na ga ya dace a yi maganarsa a jarida.

Shafin intanet, in an bi haƙiƙaninsa, ya fi kama da rumfar kasuwa bisa ga gidan da mutum ya gina a filin gadonsa. Sunan shafin, wanda shi ne adireshin da mai nema zai rubuta ya iso gare ka, ba a sayar da shi har abada, ana yin rajistarsa ne na wani wa'adi, galibi shekara guda, a kuma sabunta in wa'adin ya cika. Sunayen da suke ƙarewa da .ng suna ƙarƙashin kulawar hukumar NiRA, wadda take da dillalanta masu izinin yin rajista, kuma wanda aka rubuta sunansa da adireshin imel ɗinsa a wurin rajistar shi ne mai abin, ko da wani ne ya fitar da kuɗin daga aljihunsa. Haka nan wurin da ake ajiye shafin, wata kwamfuta ce mai aiki dare da rana a Legas ko Turai ko Amurka, ita ma hayarta ake biya. Abin da ya rage shi ne aikin hannun maƙerin, tsarawa da ƙawatawa, kuma wannan kaɗai ne ake biya sau ɗaya a gama. Duk wanda ya taɓa riƙe rumfa a kasuwar Sabon Birni ko ta Shinkafi ya san bambancin kuɗin kafinta da kuɗin fili, ya kuma san cewa wanda sarkin kasuwa ya sani da rumfar shi ne mai rumfa.

Abin mamaki a nan shi ne mu jama'a ce da ba a bar mu cikin duhu ba game da irin wannan mas'ala. Malamanmu da suka karantar da Risala da Muhtasar a zaurukansu sun rarrabe tsakanin bai'i da ijara, sun sharɗanta cewa a cikin ijara wajibi ne aikin ya zama sananne, ladan ya zama sananne, sun kuma yi hani ga garari, wato ciniki a kan abin da ba a san haƙiƙaninsa ko ƙarshensa ba. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Amma sai ka ga Alhaji wanda ba zai sayi tunkiya ba sai ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya miƙa dubban nairori ga yaron da ya nuna masa hoto a kwamfuta, ba takarda, ba shaida, don kawai kunyar kada a ce bai waye ba. Ni a ganina abin da ya kamata a rubuta ba shi da yawa: a yi rajistar sunan da sunan mai kasuwanci da imel ɗinsa, a damƙa masa kalmomin sirri duka ranar da aka gama aiki, a faɗi kuɗin sabuntawa na kowace shekara tun kafin a fara, a kuma raba biyan kashi-kashi, na ƙarshe ya zama bayan ya buɗe shafin da wayarsa a garinsu ya ga yana aiki. Maƙeri mai amana ba zai ƙi sa hannu a kan wannan ba, wanda ya fara kame-kame kuwa ya riga ya ba ka amsa.

To, amma kafin a kai ga takarda akwai tambayar da masu tallar wannan aiki ba su son a yi, ita ce ko kowane ɗan kasuwa yana bukatar shafi. Mai shagon kayan masarufi a Isa, wanda masu sayensa maƙwabtansa ne da mutanen ƙauyukan kewaye, in ya kashe kuɗi a kan shafi ya yi almubazzaranci, gama babu matar da za ta tambayi Google inda ake sayar da manja a garin da aka haife ta. Wayar hannu, da saƙon murya na WhatsApp, da na'urar POS wadda ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya cusa wa kowa dole, sun ishe shi. Kada kuma mu manta da watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda ta'addancin 'yan bindiga, Isa da Sabon Birni suna ciki, har mutane suka koma neman layin Nijar a bakin iyaka don su gaisa da danginsu. Wanda ya ga wannan zamani da idonsa ba zai yarda ya ɗora dukan kasuwancinsa a kan abin da hukuma take iya kashewa da takarda ɗaya ba.

Sai dai wannan musiba ita ce kuma hujjar da ta sa nake ganin wasu daga cikinmu suna bukatar shafin ƙwarai. Ƙasar Gobir tun kafin faɗuwar Alƙalawa a 1808, da bayan Gobirawa sun kafa Tsibiri da Sabon Birni, ƙasa ce ta fatauci da zirga-zirga tsakanin Sakkwato da Maraɗi da abin da ke bayansu, kuma amanar fatauci a wancan zamani a fuska take: baƙo ya zo, ya sauka gidan fatoma, ya ga kaya, ya ga mai kaya, ya ga tsagar da ke kumatunsa ya san ɗan wane gida ne. Yau mai sayen albasa daga kasuwar Mile 12 ta Legas ko Bodija ta Ibadan, ko da taubashinmu ne Bayarabe da muke tsokanar juna, ba zai hau hanyar Marnona zuwa Isa ba, kuma ba wanda zai zarge shi. In ba zai zo ya ga fuskarka ba, lalle ne ka aika masa da abin da zai tsaya a madadinta: sunan kasuwancinka, da lambar rajistarka ta hukumar CAC, da hoton kayanka na gaskiya, da lambar wayar da in an kira za a ɗauka. Ga mai irin wannan ciniki na nesa shafi yana da fa'ida, da sharaɗin a ƙera shi marar nauyi, yadda zai buɗu ko da sabis ya yi rauni, a rubuta shi da Hausa da Turanci, in akwai abokan ciniki a hayin iyaka a ƙara Faransanci, a kuma koya wa mai shi ko ɗansa yadda zai canja farashi da wayarsa, tun da farashin albasa ba ya zama wuri ɗaya, kuma farashin bara da aka bari a shafi ƙarya ce mutum yake yi bai sani ba.

Ba na son a fahimce ni a kan cewa ina hana 'ya'yanmu cin abinci. Da yawa daga masu wannan sana'a ɗalibanmu ne da suka fito daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo da kwalejojin fasaha, ba su sami aikin gwamnati ba suka kama abin da hannunsu ya iya, kuma ni na fi son a ba yaron da aka san gidan ubansa a Sakkwato ko Gusau bisa ga kamfanin da ba a san komai nasa ba sai lambar waya, domin wanda aka san gidan ubansa akwai inda za a kai ƙararsa.

Ɗan'uwan nawa dai bai sami tsohon sunan shafinsa ba. Mun zauna da wani yaro na unguwarmu, aka buɗe masa imel nasa na kansa, aka yi rajistar sabon suna a gabansa, ya rubuta kalmomin sirrin da ajami a cikin littafin da yake lissafin buhuna, aka yi takarda, mutum biyu suka shaida. Tsohon adireshin yana nan a ƙofar shagonsa a Isa har yanzu, ya ce sai an sayar da albasar bana zai kira mai fenti.