SANIN DUNIYA: Tsohuwa mai buhu ɗaya

A ƙasar Amurka akwai wata hanyar ƙafa da ake kira Apalash. Tana bin bisa duwatsu, cikin kurmi, ta ratsa jihohi 14. A shekarar 1955 tsawonta ya kai kilometir 3,300. Wato kamar mutum ya tashi daga Yamai ya tafi Damagaram, ya komo, ya sake tafiya, ya kusa komowa.

Mutanen can sha'awa kawai ke sa su bin wannan hanya. Babu fatauci, babu garke a gaba. Makiyayin da ya wuni bayan shanu zai yi dariya in ya ji. To amma akwai abin da suka ƙware a kai: awon kayan tafiya.

Wadda ta yi suna wajen rage kaya wata tsohuwa ce, Emma Gatewood, ƴar manoma daga jihar Ohayo. Ɗiyanta 11. Ta sha noma, ta sha dukan miji har auren ya mutu. A 1954 ta gwada hanyar. Cikin ƴan kwanaki ta ɓace a kurmi, tabaronta ya fashe, aka ce mata ta koma gida. Ta koma, ta yi shiru. Da shekara ta kewayo, tana da shekara 67, ta ce wa ɗiyanta za ta ɗan taka ƙafa. Ta tashi ran 3 ga Mayu 1955. Ran 25 ga Satumba ta hau dutsen Katadin, inda hanyar ta ƙare. Kwana 146 ke nan, kusan kilometir 23 kowace rana. Ita ce mace ta fari da ta bi hanyar duka, ita kaɗai, a tafiya guda.

A zamanin nan matafiya suna ɗaukar tanti, da tukunya, da manyan takalman fata masu nauyi. Ita ko buhu ta ɗinka da hannunta, ta rataya a kafaɗa. Cikinsa akwai bargo ɗaya, da shimfiɗar leda ta kare ruwan sama, da riga mai kauri, da wuƙa, da tocila, da ɗan maganin ciwo, da guzuri kamar gyaɗa da busassun ƴaƴan itace. Duka bai kai kilo 10 ba. In dare ya yi ta tara ganye ta kwanta. In sanyi ya tsananta ta gasa duwatsu a wuta, ta kwana jikinsu. Wani lokaci kuma ta yi sallama gidan mutane, a ba ta wurin kwana.

Takalminta na yadi ne mai ƙasan roba, marar nauyi. Ta kashe da dama a hanya. Daga baya masana suka auna, suka tarar nauyin da ke ƙafa ya fi na baya gajiyarwa wajen ninki 5, don ƙafa ɗaga ta ake yi kowane taki. Tsohuwa ba ta san wannan lissafi ba, ƙafarta ce ta gaya mata.

Masu bin hanyar suna da ƙa'ida: kada kaya su wuce kashi ɗaya cikin 5 na nauyin mai ɗauka. Mutum mai kilo 60, kilo 12 ne iyakarsa. Wasu har sukan rage kayansu ƙasa da kilo 5, ban da ruwa da abinci.

A nan ne sai an yi hattara. Hanyar Apalash tana da ƙoramu da idanun ruwa. Matafiyi yakan sha nan, ya taka gaba kaɗan ya tarar da wani ruwan. Duwatsun Adar, wajen Keita da Buza, ba haka suke ba da rani. Daga rijiya zuwa rijiya ana iya wuni, a je kuma a tarar ta ƙafe. Mai hawan dutse cikin zafin bazara yakan zubar da gumi litir guda cikin awa guda. Shi ko ruwa nauyinsa ba ya raguwa: litir ɗaya kilo ɗaya ne, cikin salka ko cikin bido. Wanda ya ɗauki litir 5, kilo 7 ya rage masa cikin 12 ɗin nan. Tiyar hatsi kaɗai ta kai kilo 2 da rabi. Saboda haka in za a rage kaya, a rage tufa ta biyu, a rage tukunya, a rage rediyo. Ruwa ba a taɓa shi. Samari ne suka fi yin wannan ganganci, su cika jaka da kayan ado su tashi da ƴar gyanɗama.

Wajen guzuri kuwa mutanen karkara sun riga Amurkawa. Ƙuliƙuli, da kilishi, da dabino, da cuku, da gumba, duk busassu ne, ba su son wuta, kaɗan yana riƙe ciki. Abin da Bature ke saye da tsada cikin kanti, nan cikin ɗaki ake yin sa.

Abu guda ne bai kamata a kwaikwayi tsohuwa a kai ba: rataya buhu a kafaɗa ɗaya. Yana karkatar da mutum. Kaya bisa kai ma na fili ne. A hawan dutse ido yana ƙasa, hannu yana neman abin dafawa, gammo kuwa ba ya zama. Gara a ɗinka wa buhu maɗauri biyu masu faɗi, a goya shi kamar yaro. Abu mai nauyi, kamar bido, a sa shi daf da baya. Bargo ya shiga tsakani don kada ya ci fata. Hannu ɗaya ga sanda, ɗaya a sake. Kuma kada a tashi da sabon takalmi, ko na taya ne. Sai an taka shi kwanaki a gida, in ba haka ba tun ranar fari bororo zai fito.

Bargo ma yana cikin abin da ba a bari. Kowane mitir 1,000 da aka hau, zafi yakan ragu da digiri 6. Dutsen Bagzan na Abzin, wanda ya fi kowane tsawo a Nijar, mitir 2,022 ne, ya ɗara Katadin da mitir 400. Da hunturu wanda ya kwana bisansa ba bargo ba zai runtsa ba.

Emma Gatewood ta sake bin hanyar daga fari har ƙarshe a 1957, da buhu irin na da. Ta rasu a 1973, tana da shekara 85.