Sallama wasa ba ragwanci ba ne

A rumfunan kasuwar Tasawa da ta Mayahi, idan gwanin dara ya ga ƴaƴansa sun kusa ƙarewa, sai ya ce an ci shi, a sake zubi. Lissafi ne: ya huta da wahalar banza, ya kuma ɓoye wa abokin karawa sauran dabarunsa. Haka gwanayen sunuka ke yi a gasa mai zagaye da yawa.

Ya kamata ƴan siyasarmu su ɗauki darasi. Tanja Mamadu ya amince da kayen 1993, ya ci zaɓen 1999. Mahamadu Isufu ya haƙura a 1999, ya hau mulki a 2011. Wanda ya tattake ramukan dara don fushi kuwa, ba mai sake zama da shi.