Sanƙarau da Ɗalibanmu na Jami'a: A Daina Gaggawar Cewa "Taho Gida"

Ya ku iyaye da ɗalibai masu karanta wannan mujalla, akwai wata mas'ala da nake so mu duba tun kafin zafi ya kankama, watau halin 'ya'yanmu da ke karatu a jami'o'i idan annoba ta ɓulla. Yau a Kadawa da Kura da Bunkure gidaje da yawa suna da ɗa ko 'ya a Jami'ar Bayero, ko ta Wudil, ko ta Ahmadu Bello a Zariya. Da kuɗin tumatir da shinkafa aka kai su, don haka lafiyarsu amana ce a wuyanmu.

Cutar da ta fi ba ni tsoro a kansu ita ce sanƙarau. Manyanmu ba su manta da shekarar 1996 ba, lokacin da ta kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 11,000, Kano kuwa tana cikin inda abin ya fi muni. Kada a ce wannan tsohon labari ne. A watan Maris na 2025 sai da aka rufe jami'ar jihar Kebbi da ke Aliero bayan cutar ta yi ajalin wasu ɗalibai. Ƙwayar cutar tana bin tari da atishawa da yawu, tana kuma son cunkoso da ɗaki marar iska, musamman daga hunturu zuwa bazara. To, wanda ya taɓa leƙa ɗakin kwanan ɗalibai ya san yadda ake cushewa a ciki.

Ga inda nake so a fahimce ni. Da zarar yaro ya bugo waya ya ce kansa na sarawa, jikinsa ya yi zafi, abin da uwa ke fara faɗa shi ne, "Maza ka taho gida." Wallahi ƙauna ce ta sa, babu mai musu. Amma sanƙarau yana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya. Awoyin da yaro zai ɓata a tasha da kan titin Zariya, sannan a kwana ana jiƙa masa saiwa ko a sayo ƙwaya a kemis, su ne awoyin da likita yake buƙata don yi masa allura. Ga kuma mutanen da ya zauna da su a mota, ga ƙannensa da zai kwana da su a shago ɗaya.

Saboda haka, idan ka ji zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani, da sandarewar wuya, da amai, ko ido ya ƙi haske, ko magana ta fara rikicewa, ka ce masa ya nufi asibitin makaranta a take, abokinsa ya raka shi. Kai ne za ka tashi ka same shi can. Wanda ya tsira ma, idan an makara, yakan tashi da kurumta ko wata naƙasa.

Wani zai ce ai cuta da mutuwa na Allah ne. Haka ne, babu shakka. Sai dai Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, da ya nufi Sham aka ba shi labarin annoba, juyawa ya yi da jama'arsa zuwa Madina bayan ya yi shawara da sahabbai. Waninmu ya fi shi tawakkali ne? Riƙo da sababi yana cikin addini.

Rigakafi ma sababi ne. Na san abin da ke zukatan mutane tun gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Asibitin Zana a 1996, gwajin da ya shafi yara 200, 11 suka rasu. Wannan tabo ne na gaske. Amma wancan magani ne da ake gwadawa a kan marasa lafiya. Allurar rigakafin sanƙarau daban take, an daɗe ana yin ta a arewacin ƙasar nan, kuma a 2024 Nijeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwa mai kare nau'i 5 na ƙwayar. Idan an zo yi a makaranta, ku umarci 'ya'yanku su karɓa.

Sai batun guzuri. Lokacin sanƙarau ya yi daidai da ɗiban tumatir da yankan alkama, lokacin da kuɗi ke shigowa amma hankali yana gona. Ka ware wani abu da sunan lafiyar ɗalibi, ka riƙa kiransa, ka kuma riƙe lambar abokin ɗakinsa. Yaro da yawa yakan ɓoye ciwo don kada ya ɗora wa gida nauyi, balle 'ya mace mai kunya.

Idan kuwa hukuma ta rufe makaranta ya dawo lafiya lau, kada a guje shi, kada a yi masa gori. A ba shi wuri mai iska, a sa masa ido na 'yan kwanaki. Ya taya aikin gona, amma a bar masa lokacin littafinsa, domin mun ga yadda zaman gida na 2020, da korona da yajin aikin malamai suka haɗu, ya sanyaya gwiwar ɗalibai.

Ku kuma ƙanana da ke Islamiyya, ku karanta wa iyayenku wannan shafi, ku haddace alamomin nan kamar yadda kuke haddace darasi. Allah Ya tsare mu da zuriyarmu daga annoba, Ya ba marasa lafiya sauƙi.