Bayan mutuwar aure, wa ke riƙe yaro?

Har yanzu Nijar ba ta da kundin dokar iyali. Shi ya sa in rigimar riƙo ta kai jastis, alƙali da al'adar iyayen yake aiki, masana al'ada na gefensa. Al'adar kuwa mun san ta: yaro na wajen uwa har shekara 7, sannan uba ya karɓa.

To amma cikar bakwai ba ta gama magana. Tun 1990 ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta duniya, don haka ana duba cin yaron, lafiyarsa da lakkwal ɗinsa. Uban da ke Legas wata 9 a shekara, hannun wa zai bar yaron? Kishiyar uwarsa? Ya shirya amsa kafin ya shiga kotu.