Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamishinan Lafiya na Jihar Kano



Ɗana ya gaji ciwon ɗan ƙullutun da ke saman ƙoda daga ni da mahaifinsa. Auren zumunci muka yi. Jikinsa ba ya riƙe gishiri. Yana da sati biyu ya fara amai, ya yi laushi, maƙwabta suka ce mayu ne. Yau maganin haidirokotizon ke riƙe da ransa, sau uku kullum. Ɗaya maganin kuwa, fuludirokotizon, sai na zaga kemis-kemis har Sabon Gari.

Gwajin kafin aure na dokar jiharmu ta 2024 bai shafi ciwon nan ba. Don Allah a ajiye ƙwayoyin da allurar gaggawa a Asibitin Murtala, a koya wa ungozomomin cikin gari gane jaririn da ke amai yana ramewa.

Wata uwa daga Yakasai