Ina kuka kai waƙar turmi?

 Yau ƙorafi muka zo da shi, kuma da ƙannenmu muke.

Duk wanda ya je filin lakwal a babban hutun da ya wuce ya ga wasan da samarin garin nan suka yi. Teyatur ce ta ban dariya, mai waƙe-waƙe. Wani magidanci ne ya shimfiɗa tabarma a gindin bedi yana kurɓar shayi, matarsa ta kwashi yara ta tafi Aljeriya bara, shi kuwa yana jiran aike. Da ya buɗe baki zai shara ƙarya, sai ƴan mata shida da ke gefe da turmi da taɓarya su ɗauki waƙa su tona shi. Ya ce aikin gona ne ya hana shi sakat, waƙa ta ce ciyawar gonarsa ta fi geron tsawo. An yi dariya har da riƙe ciki. Amma da labarin matar ya yanke, ƴan matan suka sassauta daka, suka dinga kiran sunayen yaran ɗaya bayan ɗaya, filin nan ya yi tsit. A ƙasar Kance ba sai an yi wa kowa bayani ba. Ba mu manta watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su, akasarinsu mata da yara daga wannan yanki namu.

To, satin nan bidiyon wasan ya iso mana ta WhatsApp. Mun zauna da murna mu kalla. Jama'a, babu turmi, babu taɓarya, babu ƴan mata shida. A wurin waƙar tonon asiri, an ɗauko ɗan magidancin da wata yarinya an kai su garkar rake, suna zagaya juna, suna motsa baki a kan muryar da ba tasu ba, sun sake tufafi sau uku cikin minti biyar. Yarinyar nan ma ba ta cikin labarin tun farko. Waƙar sunayen yara kuwa an cire ta, an sa wani mai kwat ya tsaya gaban kamara yana karanta faɗakarwa kamar sanarwar ma'aikata.

Mun tambayi ɗaya daga cikinsu. Ya ce: "Yaya, ai haka ake yin fim. In babu waƙar soyayya ba wanda zai kalla."

Ƙanena, wa ya gaya maka?

A dandali, waƙar nan ita ce ke ɗauke da labarin. Magidancin ba ya faɗin gaskiya, matar ba ta nan, yaran ba su da baki. Ƴan turmi ne kaɗai ke gaya mana abin da ke faruwa. Da kuka cire su, sai ya zama muna kallon mutum yana shan shayi yana ƙarya ba mai ƙaryata shi, har wani zai iya tashi yana ganin ai mutumin kirki ne da talauci ya kayar. Waƙar da kuka sa a madadinta, in an tsallake ta ba a rasa komi ba. Mun gwada, mun tura yatsa gaba, labari ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Kada dattawan da ke cewa a soke waƙa a fim ɗungurungum, wai kayan Indiya ne, su ɗauka muna bayansu. Ba ma bayansu. Kakanninmu ba su san Indiya ba suke saka waƙa a tsakiyar tatsuniya, kuma ku tuna inda take faɗowa: wurin da marainiya ba ta da ikon magana, ko tsuntsu ya ga abin da aka ɓoye. Yaran tashe a watan azumi da waƙa suke yi wa mai rowa da malalaci dariya a ƙofar gidansa. Ɗan kama ya ɗauki muryar babban mawaƙi ya mayar da ita kan tuwo da miya. Samariya ta zamanin Seyni Kountché ma da waƙa da rawa da teyatur ta yi ta gasa a bikin matasa na ƙasa. Abin da muka aro shi ne waƙar da ke dakatar da labari don a nuna shadda da takalmi.

Ba mu ce ƴan Kano ba su da dalilinsu ba. Su ma daga daɓe suka fito: ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta yi Turmin Danya a 1990. Da kasuwa ta buɗe, waƙa ta zama tallar kaset, mutum ya ji ta a shagon mai kaset ya sayi fim ɗin. Ku me kuke sayarwa? Bidiyonku daga waya zuwa waya yake yawo, ko dala ba ta shigo muku ba. Kun ɗauki dabarar kasuwar da ba ku ciki, kun bar abin da ya sa tsofaffi suka zauna a ƙasa har dare suna kallonku. Marigayi Rabilu Musa Ibro ma, da ya yi ta waƙa a finafinansa, sau da yawa waƙar ita ce barkwancin kanta.

Mun yarda kamara ba fili ba ce. A fili jama'a na amshi, ɗan wasa ya ji inda dariya ta tashi ya ƙara gishiri; a gaban kamara ba mai amsa maka. Amma wannan ba sabon ciwo ba ne, kuma maganinsa na nan kusa, a Damagaram. Yazi Dogo da abokan wasansa na gidan radiyon Damagaram ba rubutaccen wasa suke haddacewa ba, sukan tsara ƙashin labari ne kowa ya zuba maganarsa. Wasansu ya shiga radiyo, ya shiga Télé Sahel, bai zama na wasu ba. Har wata Ba'amurkiya, Janet Beik, ta rubuta littafi a kan teyatur ɗin Hausa ta Nijar a 1987. Kamara ma tana da abin da fili ba shi da shi. Da kun matso da ita kusa da fuskar magidancin nan lokacin da ake kiran sunayen ƴaƴansa, kofin shayi a hannunsa, da mai kwat bai sami aikin yi ba.

An ce mana matsalar sauti ce, wai ƙarar daka ta danne muryoyi a waya. In haka ne, gidan radiyo na da makirfo da ɗaki mai shiru, kuma ba za mu karɓi ko sisi ba. Ku zo ran Asabar bayan la'asar da ƴan matan nan shida. Turmin ku taho da naku, namu ya tsage.